Hoton Muƙamuƙin Mak Su Gayah

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Mak Su Gayah ta zauna ta cinye abinci a wuri ɗaya ba. Ita ce autar su mahaifiyata, shi ya sa muke ce mata Mak Su, wato inna auta a yarenmu, kuma ita ta riƙe ni tun ina shekara shida, bayan rasuwar mahaifiyar tawa. Shayin safe a tsaye take shan sa, hannu ɗaya riƙe da kofi, ɗayan yana lalube a akwatin kwalliya ko ta manta da almakashi. Kafin ka gama ce mata ina kwana ta buga ɗan jan babur ɗinta ta bar ka da hayaƙi. Shekara talatin da huɗu ta yi tana gyaran amare a garuruwanmu na bakin teku, daga Marang har Dungun, kuma akwai gidajen da ta gyara uwa, ta dawo ta gyara 'ya.

Ba ta da shago, ba ta da allon talla. Takan ce fuskarta ta ishe ta talla. Ba wata kyakkyawar a zo a gani ba ce, guntuwa ce mai ɗan gajeren hanci, amma in ta shigo gidan biki sai idanu su koma kanta, kafin ta fita wata uwar ta riƙe mata hannu tana neman rana. Tana da wata ɗabi'a da duk amaren gaɓar tekun nan suka sani. Sai ta kama haɓar yarinya da yatsu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, sannan ta gaya mata ɓangaren da za ta riƙa ba mai hoto. A wurinta babu fuskar da ɓangarorinta biyu suka zo daidai, aikin mai kwalliya shi ne ta ɓoye wanda ya gaza.

Mijinta, Pak Su Deraman, shi ne ladanin ƙaramin masallacin unguwarmu, in ya sauko kuma ya zauna ƙarƙashin gida, da yake gidajenmu a kan turaku suke, yana ɗinkin komar masunta. In ka cire kiran salla, ban jin yana furta kalma ashirin a wuni. Ita ta kwashe tafiyar gidan, ni kuma na kwashe surutun.

Aikina ɗaukar hoton ƙashi ne a asibitin gundumarmu, kuma lokacin da wannan abu ya faru na shekara goma sha shida a ɗakin. Muna da injin da ke zagaya kan mutum ya shimfiɗa muƙamuƙinsa gaba ɗaya a hoto guda, daga kunne zuwa kunne. Ni ba likita ba ce, amma wanda ya daɗe yana maƙala hotuna a jikin fitila yana tsaye bayan Dakta Thilaga, likitar tiyatar baki, dole idonsa ya koyi karatu.

Akwai wani ƙari da ke fitowa a ƙashin muƙamuƙi da ba na ciwon daji ba, wanda ni nake kira mai ladabi. A hoto yana fitowa da duhu a cikin farin ƙashi, iyakarsa tsaf kamar an zagaye ta da fensir. Wani ɗaki ɗaya ne, wani kuma ya rarrabu kamar kumfar sabulu. Haƙora ture su yake yi gefe, ko ya datse saiwarsu a miƙe. Na dajin kuwa ba shi da iyaka, bakinsa a yage yake, sai ka ga haƙori tsaye babu ƙashi a ƙarƙashinsa. Mai ladabin ba ya tsallakawa huhu ko hanta, yawanci ba ya ciwo, ba ya gaggawa. Amma kuma ba ya tsayawa. A hankali yake hura ƙashin daga ciki har ya tunkari wani farin layi mai kauri da ke bin ƙasan muƙamuƙi. In layin nan yana nan da kaurinsa, likita ta kwashe ƙarin ta bar wa mutum fuskarsa yadda take. In ya ci layin, sai an yanke wannan ɓangaren muƙamuƙin ɗungurungum, a ciro ƙashi daga ƙafa a jona.

Akwai kuma abin da hoton ke tonawa ba tare da an tambaye shi ba. Kafin mu ɗauki kowace mace sai ta cire ɗan kunne da sarƙa da fil ɗin mayafi, sannan mu tambaye ta ko akwai wani ƙarfe a jikinta, ta ce babu. In an wanke hoton sai ga wasu 'yan fararen tsinkaye warwatse a kumatu da haɓa, kowanne bai kai rabin ashana ba. Susuk ke nan, allurar zinariya da boka ke cusawa ƙarƙashin fata don farin jini. A ƙasar nan kowa ya san da su, amma ba wanda yake da su.

Ranar wata ƙaramar salla gidan Mak Su ya cika da dangi, ana cin shinkafar kwakwa da miyar kifi, sai aka ce in ba da labarin asibiti. Ni kuwa ba a roƙona sau biyu. Ba na kama suna, wannan kam na kiyaye, amma na iya kwaikwayon murya. Na yi musu muryar wata baiwar Allah da ta rantse mini babu ko fil a jikinta, aka wanke hoto sai ga allura ashirin da uku. Na gaya musu yadda ni da abokan aikina muke canki-canki kafin hoto ya fito, wannan za a samu, wannan ba za a samu ba. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Na rufe da cewa injin nan namu ba ya rufa wa kowa asiri. Mak Su ta miƙe ta ce bari ta duba shinkafa. Ban kawo komai a raina ba, don tashi ai aikinta ne.

Bayan kamar wata biyar na lura ta canza ɗaurin mayafi, tana jawo shi gaba ta ɓangaren hagu. Na tare ta a bakin matakala na kama haɓarta da yatsu biyu yadda take yi wa amare. Wani kumburi ne a ƙasan kumatun, kamar rabin lemon tsami, da tauri. Na tambaye ta ko yana ciwo, ta ce a'a. Na tambaye ta ko leɓenta yana mutuwa, ta ce a'a. Hankalina ya ɗan kwanta, na ce ta zo ranar Lahadi in ɗauke ta hoto, minti biyar an gama. Ta buge mini hannu ta ce haƙori ne, kuma amarya na jiran ta a Kuala Abang.

Daga nan aka shiga ja-in-ja. Da farko ta ce sai an gama bukukuwan hutun makaranta. Da aka gama sai damina ta sauka, ta ce ba za ta shiga ambaliya da babur saboda haƙori ba. Ruwa ya janye ta ce azumi ya kusa. Sau uku ina yankar mata kati, sau uku tana yin kunnen uwar shegu da ni. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, na turo mijina ya yi mata magana, ta cika shi da kifin soye ya dawo yana ce mini ai Mak Su lafiyarta ƙalau. Daga baya ma in ta ji ƙarar motata ta gaba sai ta fice ta baya. Duk Juma'a sai na je, duk Juma'a sai in tarar da Pak Su shi kaɗai da komarsa, ya nuna mini hanya da baki.

A wannan shekarar barci bai ishe ni ba, aiki ma ba na jin daɗinsa. Duk hoton muƙamuƙin da na maƙala a fitila, idona ƙasa yake fara zuwa, in duba layin mutumin da ban sani ba ina tunanin nata. Wata rana na tsinci haƙori a bakin tagar kicin ɗinta, matauni, ita ta cire shi da zare don ya dame ta da girgiɗi. Na juya shi a tafin hannuna. Saiwarsa ta gajarce, an datse ta a miƙe. Na san abin da ke yin irin wannan yanka, kuma na san ba ya farawa da haƙori sai ya yi nisa.

Akwai wasu abubuwa da nake gani a gidan ina dariya, wai ni mai wayo. Matar da tun muna yara take cewa zogale yana sa mata ƙaiƙayi, yanzu kullum da tukunyar miyar zogale a kan wuta. Matar da ba ta taɓa kai tsinken tsire baki ba, sai ga ta a gidan biki tana fizgar nama daga tsinke kamar ɗan tasha. Na ce mata tsufa ya zo da kwaɗayi, ta harare ni ta ci gaba.

Ranar da na gane, motata tana wurin bakanike, sai na sauka daga bas na ƙarasa da ƙafa, shi ya sa ba ta ji zuwana ba. Da hantsi ne. Igiyar shanyar gidan tun tasowata a bayan katanga take, can wurin da ba a bi. Yanzu an ɗauro ta a tsakar gida, daga bishiyar mangwaro zuwa ginshiƙin matakala. Mak Su tana bi ta ƙarƙashinta, ta kai ta komo, jiƙaƙƙun zannuwa suna shafar kanta, in ta yi zagaye kaɗan ta tsaya ta lalubi kumatunta da yatsa, ta sake komawa. Kumburin ya kai ƙwan agwagwa. Na tsaya a bakin ƙofa. Zogale, tsinken tsire, ƙarƙashin igiyar shanya. Ko yaron goye a garin nan ya san su ne abubuwa ukun da aka hana mai allura, kuma an ce in ta karya dokar allurar za su mutu su fito da kansu.

Na ce, "Mak Su, guda nawa ne?"

Ta juyo, ba ta ko razana ba. Ta ce, "Don ki je ku yi canki-canki da abokan aikinki?"

Ta zauna a matakala, ta sake miƙewa, ta shiga kwashe shanyar da ba ta bushe ba, a haka ta ba ni labarin tana ba ni baya. Tana shekara goma sha tara tsohuwar da ta koya mata aiki ta kai ta wurin wani boka can saman kogi, ta ce ba mai kiran mai kwalliyar da fuskarta ba ta jan ido. Idonta a rufe aka yi, ba ta san adadinsu ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Da kumburin ya fito sai ta tabbatar wa kanta allurar ce ta tashi, hukunci ne ya iso. Nufinta ta fitar da su tukuna, sannan ta zo mini da fuska wankakkiya a ɗauki hoto. Shekara ɗaya da wata bakwai tana fama, ko ɗaya ba ta fito ba.

Ta ce, "Mijina ladan ne, Yati. Sau biyar a rana garin nan ke jin muryarsa. A ce an maƙala fuskar matarsa a fitila ana ƙirge? Ke da bakinki kika ce injin ba ya rufa wa kowa asiri."

Na sa yatsa na danna kumburin a hankali. Ya lotsa ya yi wata 'yar ƙara kamar ɓawon ƙwai. Ƙashin ya zama takarda ke nan. Na rantse mata ni zan ɗauka da kaina lokacin cin abincin rana, ni zan wanke, daga hannuna sai hannun likita. Ta ce to, amma sai bayan mako uku, akwai amare biyu. Nan raina ya ɓaci, na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce in Lahadi ta yi ban gan ta ba, ni da kaina zan je ƙarƙashin gida in gaya wa Pak Su.

Ta ce, "Ai na san za ki iya."

Ta zo. Ta cire ɗan kunne da fil ta ajiye a faranti, ni kuma na tsallake tambayar da nake yi wa kowa. Injin yana son mutum ya ciji wani ɗan abin cizo na roba, ya manna harshe a ganɗa, ya tsaya cak na daƙiƙa goma sha biyar. Mak Su ba ta taɓa tsayawa cak na daƙiƙa goma sha biyar ba a rayuwarta. Hoton farko ya fito a dame saboda ta motsa ƙafa. Na biyun sai da na ce ta ɗauka ita ce amaryar, ni ce mai kwalliyar, in ta motsa zan ɓata mata gira.

Allura tara ne, huɗu a kumatun dama, uku a hagu, biyu a haɓa, farare tas. Ban tsaya a kansu ba. Daga matauni na ƙarshe har kusa da fiƙa, muƙamuƙin hagu ya zama kumfar sabulu, manya da ƙanana, iyakarta a zane tsaf, saiwoyin sauran haƙoran a datse. Mai ladabi ne, wannan kam ko ni na gani, kuma na gode wa Allah. Sai na bi farin layin ƙasa da ɗan yatsana daga haɓa. Yana tafiya da kaurinsa, sai ya fara sirancewa, ya zama zare, sannan a ƙarƙashin babbar kumfar ya ɓace, faɗin farce guda. Na cire hoton na goge fitilar, na sake maƙalawa. Yana nan yadda yake.

Dakta Thilaga ta gutsuri naman aka kai gwaji, bayan kwana goma ta kira mu, ta ce a zo da maigida, don aikin babba ne, dole mai jinya ya ji da kunnensa. Kafin ya shigo Mak Su ta tambaye ta a hankali ko allurar ce ta jawo. Likitar ko ɗaga kai ba ta yi daga rubutu ba. Ta ce waɗannan duk mako sai ta gan su, suna cikin fata ne, ƙarin kuma a cikin ƙashi, ba abin da ya haɗa su. Mak Su ta maimaita tambayar, aka maimaita mata amsar. Ta ce, kamar da kanta take magana, ashe zogalen banza ta yi ta ci.

Da na ji tafiyar Pak Su a baranda sai na ɗauki ambulan na rufe saman hoton da ita, duk da na san biyun haɓa suna waje. Ya shigo da farar hularsa ya gaida likita. Ta nuna masa kumfar, ta ce ba na daji ba ne, ba zai bi jiki ba. Sannan ta ɗora bakin biro inda layin ya yanke, ta tambayi tun yaushe aka ga kumburin. Na ce an doshi shekara biyu. Ta ce da bara ne, da wataƙila ta bar mata wannan layin, fuskar ta zauna yadda take. Yanzu kam sai an yanke.

Pak Su ya matso kusa da fitilar. Ya sa hannu ya janye ambulan ɗin daga hannuna, ba da ƙarfi ba. Ya bi fararen tsinkayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi. Mak Su ta juya ta fuskanci bango.

Ya ce, "Tara. Ni na ɗauka biyar ne."

Sannan ya ce, "Gayah, wa kike zaton yake zare miki tsire daga tsinke shekara talatin? Wa ya kai igiyar shanya bayan katanga?"

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo irin ta ranar ba. Ya ce tun makon farko na aurensu ya gane, ranar da mahaifiyarsa ta yi miyar zogale amarya ta kwana da yunwa. Ya bar abin tsakaninta da Mahaliccinta, yana yi mata addu'a. Da ya ga ta dawo da igiya tsakar gida sai ya ɗauka tuba take yi, ya ji daɗi, ya ja bakinsa don kada ta ji kunya. Kumburin kuwa shi ma ya zaci allurar ce ke neman hanyar fita. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce da ya sani da ya yi magana. Ni da na yi tawa maganar ranar salla, na cire hoton na mayar cikin ambulan.

A babban asibitin jiha aka yi aikin, awa tara. An ciro ƙashi daga ƙafarta ta hagu aka jona, an ɗaure da ƙarfe, kuma likitocin sun yi iya ƙoƙarinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma haɓar ta karkata, leɓen ƙasa na hagu ba ya jin zafi ba ya jin sanyi, kuma maganarta ta yi nauyi, sai ka saurara da kyau. Allura biyu sun fito a wurin aikin, aka ba ta a 'yar kwalba, sauran bakwai suna nan. An sayar da jan babur ɗin. Amare suna zuwa har yanzu, ba da yawa ba, yawanci 'ya'yan waɗanda ta gyara a da, su zauna a gabanta a baranda ta kama musu haɓa. Abinci a zaune take cin sa yanzu, da ƙaramin cokali, tawul a cinya, kuma yakan ɗauke ta kusan awa guda. Ba na iya kallo, sai in nemi abin wankewa.

Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Da sallar bara gida ya sake cika, sai wani ƙanin mijina da bai san komai ba ya ce, Kak Yati, wato Yaya Yati, ba mu labarin masu allura mana, an ce kin iya. Waɗanda suka sani suka sunkuyar da kai. Mak Su ta ajiye cokalinta, ta goge gefen bakin da ba ta ji, ta dube ni babu fushi a fuskarta ko kaɗan.

Ta ce, "Ba su nawa labarin, Yati. Sai dai muryar yanzu za ta yi miki wuyar kwaikwayo."

Na miƙe na ce bari in duba shinkafa.